Da gaske ne ana ware huhu a zagaya masa maganin kansa shi kaɗai? An ce ya warkar da ɓeraye

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga likitoci ce da masu binciken da ke cikinmu. Ƙanena shekararsa 19. An gano masa kansar ƙashi a saman gwiwa, aka yanke ƙafar, ya sha kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, har gashinsa ya zube. Muka ɗauka an rabu ke nan. Bayan wata 14 aka yi masa siti-sikan na ƙirji, sai ga tsiro 3 a huhun hagu. Wani ɗan ajinmu da ke karatu a Beljiyam ya ce mini a can suna da wata hanya: a datse jinin huhu ɗaya, a zagaya masa magani mai ƙarfi shi kaɗai ba tare da ya shiga sauran jiki ba. Ya ce a jikin ɓeraye abin ya share kansar gaba ɗaya. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana a yi wa mutane?

Baba_Alhaji_Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yata, ya sa kaffara ne. Masana za su zo su ba ki amsa.

Sani_Kumasi:
Amin. Wato kamar wankin ƙoda ke nan, amma na huhu?

LikitanKirji:
Malam Sani, sun yi kama a ido domin duka akwai famfo da bututu, amma manufa ta sha bamban. Wankin ƙoda cire datti yake daga jini. Wannan kuwa zuba guba ake yi da gangan, a killace ta wuri ɗaya.

Hajiya Ummu Sadiq, abokinki bai yi ƙarya ba, amma rabin labari ya ba ki. Matsalar kemo ita ce adadin da zai kashe kansa sarai zai iya kashe mai ita. Ɗauki doksorubisin, wannan jan maganin da na tabbata ƙaninki ya sha: in jimillar abin da mutum ya karɓa a rayuwarsa ta haura wajen miligiram 450 zuwa 550 kan kowace murabba'in mita ta faɗin jikinsa, zuciya na iya raunana har abada. Shi ya sa aka yi tunanin da duk mai noman rani ya sani: ka datse ruwa, ka juya shi kwami ɗaya. Huhu ya dace da wannan dabara, domin babbar jijiya ɗaya ce ke kai masa jini daga zuciya, biyu ke dawo da shi. A matse su, a zura bututu, a haɗa da famfo, magani ya yi ta zagaye, sannan a ɗauraye a mayar da komai yadda yake.

Dabarar ba ta yau ba ce. A 1958 Oscar Creech da Edward Krementz na Jami'ar Tulane a Amurka suka bayyana yadda suka yi wa ƙafar mai kansar fata haka da maganin melfalan. Ba a jima ba, wajen 1960, aka fara gwada ta a huhun karnuka.

Hadiza_Lab:
Bari in karɓa daga nan Likita, tunda ɓeraye su ne aikina shekara 4 ke nan, ko da yake ni a kan hanta nake.

Gwajin da ya yi suna shi ne na cibiyar kansa ta Memorial Sloan-Kettering da ke New York, ƙarƙashin Michael Burt tare da Benny Weksler, a 1993 da 1994. Ga yadda abin yake. Ana ɗaukar ɓeraye jinsi ɗaya da aka daɗe ana haɗa su da danginsu har suka zama tamkar tagwaye, don kada jikinsu ya ƙi ƙwayoyin kansar da za a sa musu. A yi musu allurar ƙwayoyin sarkoma, wato kansar tsoka da ƙashi da makamantansu, a jijiya. Duk jinin da ya dawo zuciya sai ya ratsa huhu, hanyoyin jinin huhu kuma sirara ne ƙwarai, sai ƙwayoyin su maƙale a can su fara tsiro. Bayan kamar mako guda a sa wa ɓeran maganin barci, a buɗe ƙirjinsa ta hagu. Me ya sa hagu? Huhun hagu na ɓera falle ɗaya ne, na dama kashi 4 ne, don haka na hagun ya fi sauƙin killacewa. Ana aikin ne a ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin jijiyar ba ta fi tsinken tsintsiya ba. A zagaya magani na 'yan mintoci, a ɗauraye, a ɗinke.

Wurin ƙirga sakamako akwai wata dabara mai kyau. Ana ɗura baƙar tawada ta maƙogwaro, lafiyayyen naman huhu ya yi baƙi wuluk, tsiron kansa kuwa ya fito fari tas, a ƙirga su ɗaya-ɗaya. A wancan gwaji na doksorubisin, kusan duk huhun hagun da aka zagaya wa magani sun fito babu tsiro, na dama kuwa cike. Dabba ɗaya, jini ɗaya, ɓangare ɗaya ya warke ɗaya bai warke ba. Wanda ya ga wannan da idonsa dole ya sa rai.

Sun kuma gwada ko huhun da ya sha gubar yana aiki. Bayan 'yan makonni sai a cire huhun dama ɗungurungum. In ɓeran ya rayu, to na hagun ne ke riƙe da shi.

Ummu_Sadiq:
Allahu Akbar. To Anti Hadiza ai magana ta ƙare. Me ake jira tun 1994?

Hadiza_Lab:
A nan gizo ke saƙar, 'yar'uwa. Ƙungiyar Burt ɗin dai ta gwada a jikin mutane, aka buga sakamakon a 2000. Mutum 8 masu sarkoma da ba ta ciruwa da tiyata. Babu ko ɗaya da tsironsa ya motse yadda ake kira an samu nasara. Wanda aka ba adadi mafi yawa kuma huhunsa ya lalace. Magani ɗaya, masu bincike ɗaya, dabara ɗaya.

Ga dalilan da nake gani. Tsiron ɓera kwanansa 7 da haihuwa, bai kai ƙwayar gero ba, magani na ratsa shi ko'ina. Na mutum ya yi watanni ko shekaru, ya yi tauri, tsakiyarsa ma jini ba ya isa sosai. Ƙwayoyin da muke sa wa ɓera daga kwalba ɗaya suke, halinsu ɗaya, kuma ba su taɓa haɗuwa da kemo ba. Na ƙaninki su ne waɗanda suka sha doksorubisin suka tsira, wato zaɓaɓɓu ne. Sannan ɓeranmu matashi ne lafiyayye, ba a yanke masa ƙafa ba, ba a gajiyar da ɓargonsa ba.

Injiniya_Kabiru:
To in haka ne amfanin me gwajin ɓera ya yi? Kuɗi da lokaci da rayukan dabbobi, ƙarshe a ce bai yi a jikin mutum ba. Ni a ganina yaudarar kai ce.

Hadiza_Lab:
Ban yarda da kalmar yaudara ba, Injiniya. Ɓera ya amsa tambayoyin da aka yi masa: maganin na taruwa a huhu ninkin ba ninkin fiye da in ta jijiyar hannu aka ba da shi, kaɗan ne ke tsallakawa zuciya, kuma huhu na iya jurewa. Duk waɗannan sun tabbata a jikin mutum. Abin da bai amsa ba shi ne ko mutum zai ƙara tsawon kwana, kuma wannan ba tambayar ɓera ba ce tun farko.

Dan_Maradi:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Ni abin da ya tsaya mini a rai dabbobin ne. A sa wa halittar Allah cuta da gangan, a farke ta, a cire mata huhu, ƙarshe a kashe ta. Mace fa ta shiga wuta saboda kyanwa. Ina malamai?

Malam_Tanimu:
Tambayarka a kan hanya take, ɗan'uwa. Hadisin kyanwa ingantacce ne, amma ka duba laifin matar: ta tsare ta, ba ci ba sha, ba don wata maslaha ba. Akwai kuma hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wurin yanka a wasa wuƙa a hutar da dabba. Abin da na fahimta daga malaman da suka yi magana a kan haka: ya halatta in akwai buƙata ta haƙiƙa, babu wata hanya, kuma an rage azaba iya iko. In ɗaya ya faɗi cikin ukun nan, to akwai magana. Allah shi ne mafi sani.

Dakta_Zulai_Vet:
Malam, sharuɗɗanka uku kusan su ne ƙa'idar da masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawansu, a tausasa yadda ake yi musu. Kowane kwamitin ɗa'a na kirki da su yake auna takardar mai bincike. Amma gaskiya ɗaya ce, na taɓa shiga wani ɗakin gwaji, ba zan faɗi ina ba, na tarar an yi wa ɓeraye tiyata babu maganin kashe zafi bayanta, wai babu kuɗi. Ban yi barci ba daren nan. Ɓera ba ya kuka ka ji, amma yana takurewa, gashinsa ya tashi, idonsa ya ƙanƙance. Wanda ya san dabba zai gane. Kuma ko ta fuskar ilimi, dabbar da ke cikin azaba sakamakonta gurɓatacce ne.

Ga wani abu da ya shafi tambayar Ummu Sadiq kai tsaye. Manyan karnuka na kamuwa da irin wannan kansar ƙashi da kansu, ba wanda ya sa musu, kuma huhu take nufa kamar ta mutum. Ko an yanke ƙafar, mafi yawansu tsiron huhu ne ajalinsu. Shi ya sa masu bincike ke ganin karen gida mai wannan cuta ya fi ɓeran keji kama da ɗan Adam.

Dan_Maradi:
Na gode Malam, na gode Dakta. Raina bai kwanta duka ba, amma na fahimta.

Abu_Fatima_Jos:
Wai me ya sa kullum huhu? Mahaifiyata kansar mama ce, ita ma can ta je. Allah ya jiƙanta.

LikitanKirji:
Amin, Allah ya gafarta mata. Bayani biyu ne, kuma kowanne da gaskiyarsa. Na farko na hanya ne: huhu rariya ce, duk jinin jiki sai ya bi ta cikinsa. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, tun a lokacin ya rubuta cewa jini daga ɓangaren dama na zuciya ta huhu yake bi kafin ya koma hagu. Na biyu na Stephen Paget ne a 1889, wanda ya ce abin kamar iri da ƙasa ne: iska na watsa iri ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake fitowa. Isaiah Fidler ya gwada da ɓeraye a shekarun 1970, ya ga cikin ƙwayoyin kansar da aka zuba a jini, ƙasa da 1 cikin 1000 ne ke rayuwa har su yi tsiro.

Nas_Rakiya:
Ni roƙona ga jama'a daban ne. A wurinmu duk wanda ya zo da tari da rama da tabo a hoton ƙirji, tibi ake fara cewa. Na ga wata baiwar Allah da ta sha maganin tarin fuka wata 5 a wani asibiti, awon majina bai taɓa nuna komai ba, babu wanda ya tambaye ta ƙullutun da aka cire mata a cinya shekara 2 kafin nan, wanda ko awo ba a kai ba. Da ta iso gare mu huhu biyun sun cika. Duk naman da aka cire muku a jiki, don Allah ku dage a kai shi awo, ku adana takardar.

Baba_Alhaji_Fagge:
Wannan magana taki a rubuta ta da ruwan zinare, Rakiya.

Musa_Antwerp:
Na ga an ambaci Beljiyam, nan nake zaune, kuma na halarci laccar da aka yi a kan wannan aiki. Ƙungiyar Paul Van Schil da Jeroen Hendriks ce a asibitin jami'ar Antwerp. Su ma da ɓeraye suka fara, amma da ƙwayoyin kansar hanji, suka gwada magunguna da dama, melfalan ya fi ba su sakamako. Bambancinsu da na New York shi ne sun ɗauki darasin da Hadiza ta faɗa. Ba su ce magani ya narkar da babban tsiro ba. Za a zagaya melfalan na minti 30 a zafin jiki, digiri 37, domin ƙananan da ba a gani, sannan likita ya cire duk abin da ido ya gani da wanda yatsa ya taɓa. Wato a sa mutum a yanayin da ya yi kama da na ɓeran. Matakin farko na gwajin a mutane an buga shi a 2004, daga baya suka tsaya a miligiram 45. An yi mataki na biyu tare da asibitocin Holan, rahoton 2014 mutum 50 ne, na 2019 ya haura 100. Ya nuna ana iya yi lafiya, kuma akwai alamar kansar ba ta yawan dawowa a huhun da aka yi wa. Sai dai ba a raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a ba, a yi wa wasu a bar wasu don a kwatanta, don haka babu wanda zai rantse cewa ya ƙara kwana.

Injiniya_Kabiru:
Ka ga maganata ta fito. Shekara sama da 60 daga karnukan 1960, har yau "akwai alama".

Musa_Antwerp:
Ba na musu, tafiyar hawainiya ce. Amma ka lissafa: marasa lafiyar da suka cancanta kaɗan ne, magungunan tsofaffi ne da babu kamfanin da zai ci ribar gwada su, aikin kuma na buƙatar likitan ƙirji da mai sarrafa injin zuciya da huhu a ɗaki ɗaya.

Hadiza_Lab:
A ƙara da Toronto ta Kanada. Marcelo Cypel da Shaf Keshavjee sun shahara da raya huhun dashe a wajen jiki na sa'o'i, aikin da suka buga a 2011. Sai suka juyo da wannan fasaha cikin ƙirji. Tunaninsu shi ne tsohuwar hanyar ita kanta tana raunata huhu, ko babu magani, saboda matsin famfo da irin ruwan da ake amfani da shi. Da ruwa na musamman da matsi mai sauƙi suka zagaya huhun aladu na sa'a 4 bai kumbura ba, sannan suka ƙara doksorubisin kafin su fara gwaji a mutane, daga baya suka gwada wani maganin kansa, oksaliplatin.

Sani_Kumasi:
Aladu kuma? Subhanallah.

Dakta_Zulai_Vet:
Girman huhunsa da jijiyoyinsa sun yi kusa da na mutum, har kayan tiyatar mutum ake amfani da su. Amma lura, aladun nan lafiyayyu ne, ba su da kansa. Alade yana gaya maka ko aikin zai kashe huhu, ɓera yana gaya maka ko maganin zai kashe tsiro. Babu dabba ɗaya da ta haɗa amsoshin biyu, nan ne raunin fagen yake.

Malam_Tanimu:
Cin sa aka haramta mana, Malam Sani. Koyon tiyata a jikinsa babi ne daban, kuma babu wani abu nasa da ke shiga jikin marar lafiya a nan.

LikitanKirji:
Mu dawo kan yaron nan, don kada yayarsa ta tafi da tunanin cewa sai Turai ko babu. Hajiya, zagaya magani a huhu har yanzu bincike ne, a cibiyoyi ƙalilan, ga wanda ya cika sharuɗɗan gwaji. Ko kin sayar da gida kin kai shi, ba lalle a karɓe shi ba. Abin da aka saba yi wa kansar ƙashi da ta dawo a huhu shi ne tiyata a cire tsiron, in ƙafar ba ta sake tsirowa ba, babu wani wuri da ta je, kuma huhun da zai rage zai ishe shi numfashi. Babban kundin da Ugo Pastorino da abokansa suka buga a 1997 ya tattara mutum 5206 daga Turai da Amurka da Kanada. Waɗanda aka cire musu duka, kashi 36 cikin 100 sun kai shekara 5. Waɗanda suka fi dacewa su ne masu tsiro kaɗan da kuma waɗanda cutar ta daɗe kafin ta dawo. Fiye da rabi ta sake dawo musu, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa ake wahalar da ɓerayen nan.

Dr_Aminu_Onko:
Abokin aiki, ka bar wani abu. Wancan kundi babu rukunin kwatance a ciki, wato waɗanda ba a yi wa tiyata ba. Likitoci ne suka zaɓi waɗanda dama cutarsu mai tafiya a hankali ce. Da Tom Treasure ya jagoranci gwaji da ƙuri'a a kan kansar hanji da ta je huhu, mutum 93 kacal aka samu, kuma ba a ga tazarar da ake zato ba tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda ba a yi wa ba.

LikitanKirji:
Gaskiya ne, amma na hanji ne, kuma adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci. A kansar ƙashi kusan babu wanda ke daɗewa in ba a cire tsiron ba, kuma akwai waɗanda aka yi wa sau 2, sau 3, suna nan da ransu. In ƙanena ne, zan nemi a duba yiwuwar tiyata.

Dr_Aminu_Onko:
A kan kansar ƙashi ba mu da saɓani. Hajiya, ki tambayi likitansa jimillar doksorubisin da ya sha, a kuma yi masa awon zuciya kafin duk wani kemo na gaba.

Ummu_Sadiq:
Na karanta duka sau biyu, na kuma karanta wa Umma. Ba zan ɓoye muku ba, jikina ya yi sanyi da na ji labarin mutum 8 ɗin nan, domin na riga na fara tambayar kuɗin biza. Allah ya saka muku da alheri. Mun samu ganin likitan tiyatar ƙirji ranar Talata, na rubuta tambayoyin Dakta Aminu a takarda. Anti Hadiza, wani abu ɗaya: in ƙwayoyin da suka rage masa waɗanda suka tsira daga doksorubisin ne, an taɓa gwada wannan hanya a ɓerayen da aka fara ba su kemo tukuna, sannan kansar ta dawo?

Hadiza_Lab:
Gwaje-gwajen da na kawo muku duk da sabbin ƙwayoyi aka yi su, waɗanda ba su taɓa ganin magani ba. Irin wanda kika siffanta shi ya kamata a yi. Gobe muna da zaman sashe, zan ajiye tambayarki a gaban shugaban ɗakinmu yadda kika rubuta ta. Ki dawo nan ranar Talata ki gaya mana abin da likitan ya ce, kuma ki gaishe mana da ƙanin naki.